Shekarar Hidima ta Samarin Kirista, da Yadda Ta Ke a Ƙasar Daura

1. Abin da a ke nufi da shekarar hidima

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata al'ada ta ikilisiyoyin Kirista wadda ta yi ƙarfi tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Saurayi ko budurwa, bayan gama makaranta, tun ba a yi aure ba, ba a kuma kama aikin albashi ba, sai a keɓe shekara guda cur a ba da ita ga hidimar mutane. Saurayin ya kan bar gidan iyayensa ya koma wata unguwar talakawa cikin babban birni, ya zauna gida ɗaya da 'yan'uwansa biyar ko shida, suna cin tukunya ɗaya, suna addu'a tare. Da safe kowa ya nufi wurin aikinsa, wani makaranta, wani asibiti, wani gidan da a ke ciyad da marasa galihu. Ba a biyansu albashi, sai abinci da ɗan kuɗin sabulu. In shekara ta cika kowa ya kama gabansa, waɗansu sababbi su zo su maye gurbi.

Ba a san ƙasar Daura da irin wannan shiri na ikilisiya ba. Ƙasar, watau Daura da Zango da Baure da Mai'aduwa da Sandamu, ta Musulmi ce tun da daɗewa, Kiristocin da ke cikinta kaɗan ne, mafi yawansu kuwa baƙi ne waɗanda aikin Gwamnati ko ciniki ya kawo. Duk da haka, tun bayan da aka kafa hidimar ƙasa cikin 1973, a kan turo samari da 'yammata masu digiri daga sauran sassan Nijeriya su yi shekara guda a garuruwan Arewa, har da Daura, da yawansu kuwa Kirista ne, suna da ƙungiyoyinsu, suna kuma ɗaukar shekarar a kan hidima ga Allah. Wannan shi ne mafi kusa da waccan al'ada.

Nufin wannan takarda shi ne ta bayyana inda biyun suka yi kama da inda suka rabu. A can ikilisiya ce ke aike, saurayi kuma shi ya zaɓa da kansa. A nan Gwamnati ce ke aike, ikilisiya ta biyo baya. Saboda haka a Daura a kan auna saurayin da ma'aunin baƙo da na maƙwabci irin na Hausawa, amfanin shekararsa kuwa ya rataya ne a kan ɗan garin da ya karɓe shi.

2. Asalin al'adar a Turai da Amurka

Tushen abin ya girmi yaƙin. Cikin 1884 wani limamin Cocin Ingila, Samuel Barnett, da matarsa Henrietta suka buɗe wani gida mai suna Toynbee Hall a unguwar Whitechapel, gabashin birnin Landan, inda talauci ya yi katutu a zamanin. Nufinsu shi ne waɗanda suka gama jami'o'in Oxford da Cambridge su zo su zauna cikin unguwar, su koyad da karatu da dare, su taimaki mutane wajen neman haƙƙinsu, su kuma gani da idonsu yadda talaka ke kwana ya tashi. Clement Attlee, wanda ya zama Firayim Ministan Ingila cikin 1945, ya yi aiki a gidan nan yana saurayi. Sadaka daga nesa an daɗe ana yinta. Sabon abin da Barnett ya kawo shi ne mai bayarwa ya zama maƙwabcin mai karɓa.

Ƙayyade hidimar ga shekara guda kuwa bayan yaƙin ne ya samu. Cikin 1948 samarin Ikilisiyar 'Yan'uwa ta Amurka, wadda ta buɗe mishan a Garkiɗa cikin 1923, suka kawo shawara gaban babban taronsu na shekara, aka yarda a kafa musu hidimar sa kai. Ikilisiyar ba ta yarda da yaƙi ba, don haka samarinta da yawa suka yi wannan hidima maimakon aikin soja. A Jamus, cikin 1954, Hermann Dietzfelbinger, shugaban gidan mata masu jiyya na Neuendettelsau, ya yi kira ga 'yammata su ba da shekara guda ta rayuwarsu ga kula da marasa lafiya da tsofaffi, domin ma'aikata sun yi ƙaranci. Kiran ya karɓu, har Gwamnatin Jamus ta Yamma ta yi masa doka cikin 1964. Cikin 1956 waɗansu samari 'yan Katolika suka tafi koyarwa wata makaranta a Alaska ƙarƙashin limaman Jesuit, daga nan shirin ya bazu zuwa manyan birane. Mabiya Luther suka buɗe nasu a birnin Washington cikin 1979. Sa'an nan cikin 1997 aka kafa wani mai suna Mission Year, watau shekarar aike, wanda ya riƙa zaunad da samari ƙungiya ƙungiya a unguwannin talakawa na Philadelphia da Chicago da Atlanta, aka kuma ɗora musu sanin maƙwabtansu kamar yadda aka ɗora musu aikin rana.

Duk waɗannan shirye-shirye sun haɗu a kan abu uku: zama cikin unguwar da a ke yi wa hidima, zaman gida ɗaya da ƙaramin guzuri, da yin aiki ƙarƙashin wata makaranta ko asibiti ko majami'a ta wurin. Daga baya aka sami makamantansu waɗanda ba na addini ba, kamar VSO ta Ingila cikin 1958 da Peace Corps ta Amurka cikin 1961. Ta hannun waɗannan biyu ne makarantun sakandare da na horon malamai na Jihar Arewa suka fara ganin samarin ƙetare masu aikin sa kai cikin shekarun 1960.

3. Dalilin da ya sa ba ta zo ta hannun Mishan ba

Bayan da Turawa suka ci Sakkwato cikin Maris 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawari cewa Gwamnati ba za ta sa baki cikin addininsu ba. Bisa ga wannan alkawari aka daɗe ba a bar Turawan Mishan su kafa tasha cikin biranen sarakunan Musulmi ba. Ko Likita Mila na Mishan ɗin CMS, wanda ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, daga ƙarshe sai da aka mai da mishan ɗinsa Wusasa, bayan ganuwa.

Ƙofar da ta buɗe ta magani ce. A ƙarshen shekarun 1930 aka yarda wa Mishan ɗin SIM ta riƙe wuraren jiyyar kutare tare da En'e, a Yadakunya ta Kano, da Amanawa ta Sakkwato, da Babbar Ruga kusa da Katsina, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Cikin 1943 ta buɗe asibitin ido a Kano, cikin 1950 kuma asibitin Galmi a ƙasar Nijar. Mai karatu zai lura da ƙa'idar da ta fito daga nan: sarakuna sun karɓi aikin da kowa ke ganin amfaninsa, muddin yana ƙarƙashin idonsu, amma wa'azi cikin gari an yi masa iyaka. Har wa yau, ma'aikatan waɗannan wurare mutane ne da suka zo zama, wani shekara ashirin, wani talatin, suka koyi Hausa har suna rubuta littattafai da ita. Ba samarin shekara guda ba ne. Cikin shekarun 1970 kuwa gwamnatoci suka karɓe yawancin makarantu da asibitocin Mishan, daidai lokacin da wata hanya dabam ta buɗe.

4. Hidimar ƙasa

An yi yaƙin basasa daga Yuli 1967 zuwa Janairu 1970. Bayansa Janar Yakubu Gowon ya nemi hanyar da masu ilmin ƙasar za su san juna, sai aka kafa Hukumar Samari Masu Yi wa Ƙasa Hidima, wadda aka fi sani da NYSC, da Doka ta 24, ran 22 ga Mayu 1973. Ɗaliban jami'a sun yi zanga-zangar ƙin ta tun ba a fara ba, amma aka fara, da mutum 2,364, Kanar Ahmadu Ali shi ne darektan farko. An sake dokar da Doka ta 51 cikin 1993. Sharaɗinta shi ne duk wanda ya gama jami'a ko babbar difloma bai wuce shekara 30 ba, tilas ya yi shekara guda, galibi a wata jiha wadda ba tasa ba, in bai yi ba kuwa ba shi da takardar neman aiki.

Shekarar kashi huɗu ce. Na farko mako uku a sansanin horo, na Jihar Katsina yana kan hanyar Mani a birnin Katsina, wanda ya zama hedkwatar jiha tun da aka cire ta daga Kaduna cikin Satumba 1987. Na biyu aikin da aka tura mutum, shi ne mafi tsawo, yawanci koyarwa a makarantar sakandare, likitoci da masu haɗa magunguna kuwa asibiti, waɗansu ofishin ƙaramar hukuma. Na uku aikin raya gari, rana ɗaya cikin mako, kamar share kasuwa, ko dashen itatuwa, ko yaƙi da jahilci, ko faɗakarwa kan tsabta. Na huɗu sallama da karɓar takarda. Gwamnatin Tarayya na biyan kuɗin guzuri kowane wata: naira 19,800 daga 2011, naira 33,000 daga Janairu 2020, sa'an nan naira 77,000 da aka fara biya cikin 2025.

In an kwatanta da shirye-shiryen ikilisiya za a ga sun yi kama wajen tsawon lokaci, da shekarun masu yi, da ƙarancin guzuri, da barin gida. Amma saurayin Philadelphia shi ya nemi unguwarsa, ya kuma shirya mata. Saurayin Enugu ko na Ibadan kuwa takarda ce kawai ta zo masa da sunan Katsina, daga sansani wata ta sake zuwa da sunan Baure ko Sandamu, wataƙila bai taɓa jin sunayen ba, bai kuma iya ko sannu ba.

5. Sunan abin a bakin Hausawa

Ga mai nazarin harshe, sunan da aka ba wa abin yana da abin lura. Da fari "bautar ƙasa" ne ya bazu, har yanzu kuwa a kasuwa da tasha a kan ce ɗan bautar ƙasa, ko kuma kofa, wanda aka aro daga bakin Turanci. Amma malamai da yawa ba su so kalmar ba, domin bauta a wurin Musulmi ta Allah ce shi kaɗai, ga shi kuma tana tuna wa mutane zamanin bayi. Saboda haka gidajen rediyo da jaridu suka fi karkata ga "yi wa ƙasa hidima". Hidima kalma ce ta Larabci, a Hausa kuwa tana ɗauke da ma'anar ɗawainiya ta ganin dama, irin wadda a ke yi wa baƙo, ko malami, ko taron biki.

Kalmar ta dace da abin da Kirista ke nufi. Wadda Jamusawa suka yi amfani da ita cikin 1954 ta fito ne daga Girkanci, diyakoniya, asalin ma'anarta kuwa kai abinci gaban masu ci. Cikin sura ta 6 ta Ayyukan Manzanni an ba da labarin yadda ikilisiyar farko a Urushalima ta zaɓi mutum bakwai su kula da rabon abinci ga gwauraye mata. To, kalma ɗaya ce ta ke ɗaukar nufin Gwamnati, da na ikilisiya, da na Bahaushe mai saukad da baƙo, ko da ya ke kowannensu da abin da ya ke sa rai a ciki.

6. Zumuntar Kiristoci masu hidima

Tun rukunan farko Kiristocin da suka saba da ƙungiyoyin addu'a a jami'a suka riƙa neman juna a wuraren da aka tura su. Waɗansu daga cikinsu a Zariya, tare da Bayo Famonure, su ne suka kafa ƙungiyar bishara ta CAPRO cikin 1975. Cikin 1983, a wani taro a Ilori, aka haɗa ƙananan ƙungiyoyin jihohi suka zama ɗaya, watau Zumuntar Kiristoci Masu Yi wa Ƙasa Hidima, NCCF, hedkwatarta tana Jos. 'Yan Katolika suna da tasu, NACC, Musulmi kuma suna da MCAN. 'Yan NCCF su kan ba da labarin cewa wani Baturen Mishan, S. G. Elton, wanda ya zo Nijeriya cikin 1937 ya zauna Ilesha, ya faɗa tun da wuri cewa wata rana Gwamnati za ta biya samari kuɗi su kai bishara ko'ina cikin ƙasar. Labarin yana nuna yadda su ke kallon shekarar: Gwamnati ce ta biya kuɗin mota, amma a ganinsu Allah ne ya aiko.

Ƙungiyar tana da reshe a kowace jiha, da ƙananan rassa a manyan garuruwa. Ginshiƙinta shi ne gidan da su ke kira gidan iyali, inda sabon zuwa zai sami tabarma da abinci tun daren da ya sauka, kafin wurin aikinsa ya ba shi ɗaki, in zai ba shi. A kan haɗa kuɗin cefane, a raba aikin girki da shara da ɗebo ruwa, a tashi addu'a da asuba. Shugaban gida a kan kira shi Papa, mai kula da abinci da jin daɗin jama'a Mama, alhali dukansu tsara ne, shekara mai zuwa kuma waɗansu ne za su gaji sunayen. Suna da wata fita ƙauye ta kwana biyu ko uku, da magunguna da tufafi da kayan aski, a duba marasa lafiya da rana, a yi wa'azi da dare.

Nan ne kama da shirin Amurka ta fi fitowa, domin ga gida ɗaya, ga tukunya ɗaya, ga addu'a tare. Amma akwai bambanci mai nauyi. A Philadelphia maƙwabtan gidan yawancinsu Kirista ne, majami'ar unguwa ce ke karɓar samarin. Ko cikin Jihar Katsina, a kudu wajen Malumfashi da Kafur, akwai Hausawa Kirista 'yan ƙasa da majami'unsu, daga Malumfashi ne ma Gerald Mamman Musa ya fito, wanda ya zama Bishop na farko na Katolika a Katsina cikin 2023. A Daura kuwa unguwa ta Musulmi ce, ɗaliban aji Musulmi ne, mai gidan haya Musulmi ne. Gidan iyali yana iya zama mafaka mai kyau, yana kuma iya zama katanga, mutum ya yi wata goma sha ɗaya daga makaranta sai gida, daga gida sai majami'a, ya tafi bai taɓa zama a zauren kowa ba.

7. Baƙo da ɗan gari

Daura ta fi kowane gari sanin baƙo, domin tarihinta da labarin baƙo ya ke tafe. Masu ba da labarin Bayajidda sun ce da dare ya iso, ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa, ta ce ba a samun ruwa a rijiyar Kusugu sai ran Juma'a saboda macijin da ke ciki. Ya je ya kashe macijin, gari ya sami ruwa, Sarauniya Daurama ta aure shi. Ko mene ne matsayin labarin wajen masana tarihi, abu biyu cikinsa sun nuna tunanin mutanen ƙasar. Baƙon yana da mai masauki wadda ta gaya masa halin gari, aikin da ya yi kuma na abin da kowa ke bukata ne.

Haka al'adar ta ke. Baƙo a ƙasar Hausa ba ya zama a iska, sai da mai masauki wanda zai kai shi gun mai unguwa, mai unguwa ya san da shi, haka har zuwa dagaci da hakimi da Sarki. Addinin Musulunci ya ƙarfafa wannan, gama aya ta 36 cikin Suratun Nisa'i ta haɗa maƙwabci na kusa da na nesa da matafiyi cikin waɗanda aka umarci a kyautata musu, malamai kuma sun bayyana cewa maƙwabcin da ba Musulmi ba yana da haƙƙin maƙwabtaka. A wajen Kirista ma, misalin Basamariye cikin sura ta 10 ta Luka yana koyad da cewa maƙwabci shi ne wanda ya tsaya ya taimaka, ko da ba ɗan addininka ba ne. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, a zamanin mulkinsa daga 2015 zuwa 2023, in ya zo gida Babbar Salla ya kan karɓi masu hidimar da ke Daura a gidansa. Cikin 2021 ya ba su shanu 2, da buhun shinkafa 20, da naira miliyan 1. Aikin mai masauki ke nan, irin wanda kowane maigida ke yi gwargwadon ƙarfinsa.

Shi kuma baƙon akwai abin da a ke jira daga gare shi, ba kuwa mai tsada ba ne. Ya koyi gaisuwa, ya tsaya ya yi ta da kyau. Ya je ta'aziyya da barka. Namiji ya san ba a wuce zaure, mace ta san shigar da gari ya saba gani, ita kuwa tana da gatan da namiji ba shi da shi, domin tana iya shiga cikin gida wurin mata. Cikin watan azumi kada ya ci abinci a bainar jama'a. In an kawo masa naman layya ya karɓa da godiya. A wurare da yawa na Arewa Kirista su kan kira Musulmi ya yanka musu dabbar Kirsimeti, don maƙwabta su ci ba tare da shakka ba. Irin waɗannan ƙananan abubuwa su ne ke sa uba ya yarda ya turo 'yarsa darasin yamma.

8. Wahaloli uku

Ta farko ita ce haɗa hidima da wa'azi. Kirista mai himma yana ganin an umarce shi ya yi shaida, ba kuma zai raba wannan da taimako ba. Musulmi kuwa in ya ga magani a hannun dama, wa'azi a hannun hagu, sai ya ɗauka maganin tarko ne, musamman in yara aka nufa. Sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin bin addininsa da yaɗa shi, sashen nan kuma ya hana a sa ɗalibi ya karɓi koyarwar wani addini wanda ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su yarda da shi ba. Jihar Katsina ta ƙaddamad da shari'ar Musulunci cikin 2000, a zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, mutane kuma suna sa ido ƙwarai kan abin da ya shafi addinin 'ya'yansu. Mai hidima da ya shiga aji da rigar Gwamnati amana aka ba shi ta lissafi ko Turanci. In ya tsaya a kanta, in an tambaye shi addininsa ya amsa da gaskiya, bai ɓoye kome ba, bai kuma ci amana ba.

Ta biyu tsaro ne. Bayan zaɓen Shugaban Ƙasa na Afrilu 2011 tarzoma ta tashi a jihohi 12 na Arewa, har da Katsina, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa an kashe fiye da mutum 800 cikin kwana uku. A Jihar Bauchi aka kashe masu hidima 10 waɗanda aka sa aikin zaɓe. Tun daga nan iyaye a Kudu su ke fargabar a tura 'ya'yansu Arewa, sace ɗaliban Ƙanƙara fiye da 300 cikin Disamba 2020 kuwa ya ƙara musu tsoro, ko da ya ke Ƙanƙara tana can nesa da Daura. Hukumar ta yarda a nemi canjin jiha saboda aure, ko rashin lafiya, ko rashin tsaro, da yawa su kan nema tun suna sansani. Kowane ɗaya da ya juya, wata makarantar ƙauye ce ta rasa malamin kimiyya na shekara.

Ta uku gajartar lokaci. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Wata uku na farko su kan tafi wajen neman ɗaki da sabawa da zafin bazara ko ƙurar hunturu, kafin Hausa ta zauna a baki kuwa sallama ta matso. Ana turo su rukuni rukuni cikin shekara, zuwansu bai cika dacewa da farkon zangon karatu ba, yawancinsu kuma ba su sami horon koyarwa ba. Shirye-shiryen Amurka ma sun sha wannan suka, cewa saurayin ne ya fi ƙaruwa, unguwar kuwa kullum tana koya wa sabon baƙo hanya. Maganin da Bahaushe ya sani shi ne na gayya. A gayya mai gona ne ke kira, shi ke nuna kunyar da za a nome, in 'yan gayya sun watse kuma gonar tana hannunsa. Famfon da mai hidima ya haƙa, ko ɗakin karatun da ya buɗe, in ba shi da mai gona tun ran da aka fara, damina ɗaya ta isa ta ga bayansa.

9. Abin da ya shafi malamai

Tun da ya ke makaranta ce ke karɓar mafi yawan masu hidima, shugaban makaranta shi ne mai masauki na farko, waɗanda ke horon malamai kuwa su ke shirya shugabannin gobe. Ya kamata a koya musu cewa sabon mai hidima, Kirista ne ko Musulmi, a haɗa shi da wani tsohon malami ɗan gari wanda zai zauna ajinsa makonnin farko, ya nuna masa yadda a ke shirya darasi, ya kai shi gaida mai unguwa da limami. Sassan Hausa na kwalejoji, irin na Daura da Katsina da Dutsin Ma, suna iya rubuta ɗan littafin gaisuwa da kalmomin aji da na asibiti, wanda za a ba shi tun yana sansani. A gaya masa iyakar da ke tsakanin aji da majami'a tun ran farko, cikin mutunci, a kuma bar masa ranar Lahadinsa, kamar yadda Musulmin Daura da aka tura Owerri zai so a bar masa Juma'arsa.

Su kuma shugabannin zumuntar Kirista, da ya ke su ma shekara guda su ke yi, abin da zai fi amfani su bar wa magadansu shi ne sunayen mutanen gari da suka yi musu alheri, da inda kowane aiki ya tsaya. Kafin mai hidima ya karɓi takardar sallama, shugaban makaranta ya tabbata ya karɓi littafin darussansa da sakamakon ɗalibansa, an kuma san wanda zai riƙe makullin duk abin da ya gina.